Mayar da Manhajar Zanen Lissafi Zuwa Larabci: Misalin GeoGebra

Masu mayar da manhajojin zanen kimiyya zuwa Larabci sukan ɗauka aiki ya ƙare da zarar an fassara kalmomi, an juya allo ya fara daga dama. Lalle wannan kuskure ne. A makarantun Masar daga dama aka saba rubuta lissafi, da haruffan sin da sad da alƙaluman Hindiyya. A Maroko kuwa daga hagu, da x da y da alƙaluman boko. Watau fassara guda ba ta wadatar da ɗalibin Alƙahira da na Fas gaba ɗaya. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya soma a 2001, ta kyauta da ta ware wa Maroko da Tunisiya nasu Larabcin. Mai fassara ya fara duba allon aji tukuna, kafin ƙamus.