Saurayin da Aku Ya Tsare

Ɗan boko a Ngawundere, tun da Faransanci ake karantar da shi, yakan fara cin karo da samartaka cikin littafi a hannun marubutan kudancin Kamaru. Ga Toundi na Ferdinand Oyono a Une vie de boy (1956), yaron gidan Bature mai rubuta duk abin da idonsa ya gani. Ga Medza na Mongo Beti a Mission terminée (1957), wanda ya faɗi jarrabawa, yana isowa gida aka tura shi ƙauye bikon matar ɗan'uwansa. Dukansu da bakinsu suke magana, da rawar kansu da wautarsu.

To, idan ɗalibin Bahaushe ne, ya koma gida ya buɗe tsofaffin littattafan da suka zo daga Zariya, sai ya tarar da wani abu dabam. Samari suna nan birjik, amma kullum ta idon dattijo ake kallonsu.

Dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan da gasar rubutu ta Rupert East ta 1933 ta haifar. Mai ba da labarin tsohon malami ne zaune gaban almajiransa. An sace shi yana ƙarami, ya shiga bauta, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya ƙetare hamada, ya yi karatu har ya zama shaihi. Shekarun da murya ke fashewa, gemu ke tsirowa, zuciya ke kai yaro dandali, duk an haɗiye su cikin karatu. Kai ka ce daga kaciya sai rawani.

Abubakar Imam ya fi kowa kusantar saurayi na gaskiya. A Magana Jari Ce, Musa ɗan Sarki Abdurrahman jininsa na tafasa: ubansa ya tafi yaƙi an bar shi a fada, shi kuwa ba abin da yake so sai ya bi sahu. Waziri na jiran ya fita ya hallaka shi. Kowane dare sai Musa ya yi ɗamara ya zo sallama, akun fada ya ja shi da labari har gari ya waye, ya kwance ɗamarar. Abin dariya ne, amma a nan ra'ayin zamanin yake kwance: ƙuruciya dokin da ba a hora ba ne, linzaminsa magana. Ni dai ban taɓa karanta wurin nan ban ji tausayin Musa ba, ko da yake akun ne da gaskiya. Wanda ya rasa irin wannan aku shi ne Kyauta na littafin Jiki Magayi, da ya tashi da sata, ƙarshe jinin ubansa ya zuba a hannunsa.

Budurwa fa? Zainabu, uwar Kyautan nan, ana jayayya a kanta tsakanin Abubakar masoyinta da Malam Shehu mai dukiya, dukiya ta yi rinjaye. Daga nan labarin ya bi Abubakar daji neman asirin ramuwa, ita kuma aka sakaya ta a ɗaki.

Wannan ɗakin ne Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta ɗaga wa labule. A littafinta na 2017, wanda aka sake fitarwa a Faransa da sunan Les Impatientes a 2020, Ramla 'yar shekara 17 tana burin karatun haɗa magunguna, tana da saurayinta Aminou, aka ɗaura mata aure da attajiri sa'an ubanta. Kalmar da iyaye da gwaggwanni ke ta cusa mata ita ce munyal, wato haƙuri da Fulatanci. Shi ma linzamin magana ne, irin na akun Musa, sai dai wannan karon muna cikin kan wadda aka sa wa. Kyautar Goncourt ta 'yan sakandare da littafin ya ci a 2020, ɗaliban Faransa sa'o'in Ramla ne suka jefa masa ƙuri'a.