Sharhi a kan hanyar Fries ta rarrabe kalmomin Ingilishi

A shekarar 1952 Charles Carpenter Fries, malami a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya fitar da littafinsa The Structure of English, inda ya ƙalubalanci tsarin rukunan kalmomi takwas da Ingilishi ya gada daga nahawun Girkanci da na Latin. Sukarsa tana da ƙarfi. Tsohon tsarin yana auna suna da ma'ana, wato sunan mutum ko wuri ko abu, sa'an nan ya auna sifa da aikin da take yi wa suna. Mudu biyu ke nan a kasuwa ɗaya. Kalmar red sunan launi ce, amma a jerin sifofi ake sa ta. Kalmar arrival tana nuna aukuwar abu, amma suna ce.

Fries ya ɗauki hirar mutane ta wayar tarho, wajen awa 50, ya gwada kalmomin a gurbin jumla: duk waɗanda za su iya maye gurbin juna ba tare da ginin jumlar ya rushe ba, rukuninsu ɗaya. Ya fitar da manyan rukunai 4 ya ba su lambobi, da ƙanana 15 ya ba su haruffa daga A zuwa O.

Amfanin wannan a fili yake ga kalma irin round, wadda takan zama suna, ko aikatau, ko sifa, gwargwadon inda ta zauna. Mai koyo da ya haddace ma'ana kurum ba zai iya da ita ba.

Amma fa akwai abin dubawa. Rukunan nan 4 ba su yi nisa da suna, aikatau, sifa da bayanau ba, har mai karatu ya yi zargin cewa Fries ya san amsar tun kafin ya zaɓi jumlolin gwajinsa. Ƙananan rukunan kuwa sun warwatse ƙwarai, wasu kalma ɗaya tak ke cikinsu, kamar not. Lambobin ma ba su karɓu ba. Da Randolph Quirk da abokan aikinsa suka wallafa A Grammar of Contemporary English a 1972, tsofaffin sunayen suka riƙe, ko da yake siga da gurbi suka fi dogara da su wajen tantancewa.

Batun ya shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, domin ta hanyar Ingilishi da Faransanci wannan ma'auni na ma'ana ya shigo azuzuwan Hausa. Idan an gaya wa ɗalibi aikatau ita ce kalmar da ke nuna aiki, to, ina zai sa barci da magana? Gurbi shi ke warware masa: ana cewa ya yi barci, ana cewa barcin yaro, kamar yadda ake cewa rigar yaro, saboda haka barci suna ne.