Kada Mu Jingina Bangaskiya da Binciken Kimiyya

Akwai wani salon wa'azi da ya yawaita a ikkilisiyoyinmu, musamman a taron matasa. Mai wa'azi ya karanta Farawa sura ta 1, sai ya ce ai masana kimiyya ma sun tabbatar da wannan, tunda yanzu sun yarda sararin samaniya yana da mafari. Jama'a su yi tafi. Niyyar mai kyau ce, amma salon yana da rauni, gara mu gane shi tun muna aji.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo wannan ra'ayi limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, masanin lissafi da taurari. A 1927 ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. A 1931 ya ce idan aka bi sawun faɗaɗar zuwa baya, komai ya faro ne a dunƙule wuri guda. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana ɗaukar wannan bincike a matsayin shaida ga koyarwar halitta. Lemaître, mai binciken kansa, bai ji daɗi ba. Ya san lissafinsa yana bayyana yadda abin da yake akwai ya yi ta faɗaɗa ne kawai. Koyarwar halitta kuwa tana magana a kan Wanda ya sa komai ya kasance, Wanda kuma yake riƙe da shi har yau. Na'urar hangen taurari ba ta kai can.

Kafin nan ikkilisiya ta taɓa yin kuskure ta ɗaya gefen. A 1633 aka hukunta Galileo a Roma domin ya koyar cewa duniya ce take zagaya rana. Cikin nassoshin da aka kafa hujja da su a wannan gardama har da labarin tsayawar rana a Yoshuwa sura ta 10. Sai a 1992 Fafaroma John Paul na 2 ya amsa a fili cewa malaman tauhidi na lokacin sun yi kuskure. Masu hukunta Galileo sun yaƙi kimiyya da nassi, mu kuma muna aron kimiyya don tokare nassi. Tushen ɗaya ne: tilasta wa Littafi Mai Tsarki amsa tambayar da ba ita ce a gabansa ba.

Ɗalibar da ta yi tafi ranar Lahadi za ta shiga jami'a, ta tarar kimiyya tana gyara kanta a kai a kai, domin haka aikinta yake. Idan mun koya mata cewa bangaskiyarta tana tsaye ne a kan binciken bana, ranar da aka gyara binciken za ta zaci Allah ne aka ƙaryata. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, 'yan'uwa masu hidima, mu yi wa'azin Farawa 1 bisa ga abin da take koyarwa: Allah ɗaya ne Mahalicci, rana da wata halittu ne da ba a yi musu sujada, mutum kuma an yi shi cikin kamannin Allah. Idan za mu ambaci kimiyya, mu fara karanta ta da kyau, mu tambayi likitoci da malaman kimiyya da suke zaune a majami'unmu. Idan matashi ya yi tambayar da ta fi ƙarfinmu, mu ce masa za mu bincika tare, mu kuma cika alkawarin.