Jinjina ga Masu Auna Ruwan Sama

Tambayi duk manomin citta a Kafanchan ko Kachia, zai ce maka damina ta sauya hali: ruwan fari ya sauka, a yi shuka, sai sama ta ɗauke. Gaskiya ya faɗa. Sai dai zuciya na mantuwa, littafi kuwa ba ya yi.

Shi ya sa nake jinjina wa ma'aikatan Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda aka kafa a 2003. Kowace safiya, a tashoshi irin na Kaduna da Jos, wani zai buɗe ma'aunin ruwa, ya juye abin da ya taru cikin kwalba mai zane-zane, ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da layin, sannan ya rubuta milimita nawa ne. Ranar da ba a samu ko ɗigo ba ma sai ya rubuta sifili, kuma sifilin nan shi ne shaidar fari.

Masana ba sa cewa yanayin wuri ya sauya sai sun duba alƙaluman shekara 30. Wanda ya buɗe littafin yakan yi ritaya kafin a karanta amsarsa. Ina ma a ce akwai irin wannan ma'auni a kowace makaranta, daga gindin Dutsen Kagoro har Kwoi.