Taƙawa da "Tsoron Allah": Nazari kan Wata Fassara da Ta Zama Jiki

Masu tafsiri da Hausa sun saba fassara taƙawa da "tsoron Allah", har ɗalibi ya ɗauka abu ɗaya ne. Wannan fassara tana da tawaya. Asalin kalmar daga wiƙaya ne, wato kariya: bawa ya sanya shamaki tsakaninsa da azabar Ubangijinsa ta hanyar bin umarni da barin hani. Tsoro kuwa yana da nasa lafuzza a Alƙur'ani, haufu da hashya, amma duk mun cusa su cikin kalma guda.

Illar tana bayyana a aya ta 183 ta Suratul Baƙara, inda aka sanya taƙawa manufar azumi. Idan an ce tsoro, mai sauraro ba zai ga dangantakar ayar da hadisin da ya siffanta azumi da garkuwa ba, alhali nan ma'anar take. Ai mutum yana iya zubar da hawaye a majalisin wa'azi, gobe ya tauye mudu.

Saboda haka muna ganin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya dace da ya bar lafazin yadda yake a wurare da dama na tarjamarsa, ko da yake hakan ya ɗora wa mai karantarwa nauyin sharhi.