3.3 Dabarar Waiwaye a Labarin Kimetsu no Yaiba

A wannan sashe za a dubi dabarar waiwaye, wato yadda ake tsayar da labari a koma baya domin a bayyana abin da ya sami wani tauraro tun kafin mai karatu ya haɗu da shi. Kimetsu no Yaiba littafin zane ne na ƙasar Japan, irin wanda ake kira manga, na Koyoharu Gotouge. An buga shi a mujallar Weekly Shonen Jump daga shekarar 2016 zuwa 2020, babi 205 cikin juzu'i 23, sannan kamfanin ufotable ya mayar da shi fim ɗin zane, wato anime, a 2019.

Kamar yadda aka gani a warwarar jigo, babban tauraro shi ne Tanjiro Kamado, yaro mai sayar da gawayi a zamanin Taisho (1912-1926). Dodo ya hallaka iyalinsa, ƙanwarsa Nezuko kuma ta rikiɗe ta zama dodanniya, shi ya sa ya shiga ƙungiyar masu farautar dodanni domin nema mata magani. Abin lura a nan shi ne, dodannin wannan labari mutane ne a da. Dodon tatsuniya ba shi da tarihi, ana kashe shi a huta. Waɗannan kuwa sai an sare musu kai, jikinsu ya fara narkewa, sannan ake buɗe wa mai karatu rayuwarsu ta farko.

Misali, Rui, dodon gizo-gizo na dutsen Natagumo, yaro ne mai yawan ciwo wanda ya kashe iyayensa bayan rikiɗewarsa, ya koma yana tara wasu dodanni da ƙarfi domin su zame masa iyali. Da Giyu Tomioka ya kashe shi ya taka tufafinsa, sai Tanjiro ya nuna masa bai dace ba. Tanjiro bai wanke laifin Rui ba, amma ya ƙi yarda a wulaƙanta gawarsa. A ra'ayin wannan nazari, nan ne ƙarfin labarin yake, domin waiwayen ne ke ɗauke da jigon zumunci. Haka ma Gyutaro da ƙanwarsa Daki, waɗanda suka taso cikin talauci a unguwar Yoshiwara: idan aka jera su da Tanjiro da Nezuko za a ga wa da ƙanwa iri ɗaya ne, sai dai na farkon ba su sami mai jin ƙansu ba sai dodo.

Duk da haka, dabarar tana da rauni ta fuska biyu. Na farko, yawan maimaici. Da zarar an sare kan dodo, mai kallo ya san abin da zai biyo baya, kuma abin da aka riga aka sani ba ya girgiza zuciya. Wannan ya fi fitowa a fim ɗin da aka saki a 2025, inda tarihin Akaza, wanda ya yi sata domin sayen maganin mahaifinsa, aka kuma zuba guba a rijiya aka kashe malaminsa da budurwarsa, ya ci lokaci mai tsawo a ƙarshen faɗa. A littafi mai karatu ke da iko da saurin juya shafi. A fim kuwa dole ya jira.

Na biyu, an ba dodanni baki an hana Nezuko. Ita ce dalilin tafiyar gaba ɗaya, amma a mafi yawan labarin tana cikin akwati a bayan yayanta, an toshe bakinta da gora. Mai karatu ya san zuciyar waɗanda ake kashewa fiye da zuciyar wadda ake faɗan dominta.

A taƙaice, waiwaye ya yi nasara a duk inda ya sauya yadda ake kallon babban tauraro, kamar a wajen Rui da Gyutaro, ya kuma gaza a inda aka kawo shi domin neman hawaye kawai. A sashe na gaba za a dubi salon sarrafa harshe.