Bangon Littafi da Taron Sadaukai: Nazari a kan Zane Huɗu

Malamai da yawa sun ɗauka bangon littafi ado ne kurum, abin nazari na ciki. Ni dai ban yarda da wannan ba. Yaro yakan karanta bango tun bai iya haɗa baƙi ba, abin da ya gani can kuwa shi zai fara shiga zuciyarsa. Saboda haka na ga ya kamata mu duba bangaye huɗu na littattafan labari cikin zane na Amurka, waɗanda ke ba da labarin ƙungiyar sadaukai masu baiwa, mu ga abin da za mu ƙaru da shi.

Wahalar mai zanen irin wannan bango ita ce, mutane da yawa, takarda guda. Tilas ya zaɓi wanda zai sa gaba da wanda zai tura baya. Wannan zaɓi hukunci ne, ko mai zane ya nufa ko bai nufa ba.

Na farko shi ne bangon All Star Comics lamba 3, na 1940, inda aka fara tara ƙungiyar Justice Society. Sadaukai takwas ne zaune sun kewaye tebur, ba mai faɗa, ba abokin gaba. Kyaunsa shi ne, tebur mai da'ira bai da kai bai da wutsiya, kowa daidai yake da ɗan'uwansa. Aibinsa kuwa, ya yi kama da hoton majalisa, bai gaya wa yaro abin da kowannensu ya iya ba.

Na biyu, The Brave and the Bold lamba 28, na 1960, zanen Mike Sekowsky, farkon Justice League. Nan an kawo dodo mai siffar tauraro, sunansa Starro, sadaukai biyar sun far masa, kowa da irin dabararsa. Wannan ya gyara aibin na farko, gama ido ya ga aikin kowa. Sa'an nan ba a sa Superman da Batman a bangon ba, ko da yake suna cikin ƙungiyar. Da an sa su, lalle da sun shanye sauran.

Na uku, Fantastic Four lamba 1, na 1961, zanen Jack Kirby. Shi ma dodo ne a tsakiya, ya faso ƙasa a kan titi. Amma dubi bambancin: mutanen huɗu ba su da tufafi iri ɗaya, ɗaya a ɗaure da igiya, macen kuwa tana cikin hannun dodo. Watau an nuna su cikin wuya, mai kallo bai tabbata za su yi nasara ba, shi ya sa zai buɗe littafin. A ganina wannan ya fi na 1960 rai. Duk da haka ina da suka: mace guda ce a ƙungiyar, ita aka mai da abin ceto.

Na huɗu, Giant-Size X-Men lamba 1, na 1975, aikin Gil Kane da Dave Cockrum. Sababbin sadaukai sun keto takardar bangon kanta sun nufo mai karatu, tsofaffin suna bisa cikin launi dishi-dishi, suna mamaki. A cikin sababbin akwai Barashe, da Bajamushe, da mutumin Kanada, da Storm, wadda aka ɗauko daga Kenya. Masu zane na baya sun yi ta kwaikwayon wannan tsari, domin da hoto guda ya faɗi cewa zamani ya juya. Amma akwai hasara: ba abokin gaba, ba dalili, sai ƙarfi da gudu.

To, ina ruwanmu da wannan? Littattafanmu na jaruntaka sun fi son sadauki guda, kamar Ganɗoki na Bello Kagara, 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, 1951. Amma muna da labarin ƙungiya tun da daɗewa, shi ne na Hausa Bakwai. An ce an raba wa 'ya'yan Bawo aiki: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Biram kuwa, na bakwai, ta wani ɗan Bayajida dabam ta fito.

A ce an nemi malamin makaranta a Saji, ƙasar Rano, ya tsara bangon wannan labari domin 'yan ajinsa. In ya bi tsarin 1975, na Gobir zai yi gaba da mashi, Autan Bawo ya ɓace can baya da rininsa, yaron Saji ya tashi yana tsammani marini bai kai mayaƙi ba. In ya bi na 1940, ya yi adalci, amma yara ba za su san wa ke yin me ba. In ya bi na 1960, sai ya nemo dodo, ba kuwa dodo a rabon aikin. Har wa yau ga maganar sarkin bayi: ya zana ta, ko ya ɓoye? Ni na ce ya zana, ya kuma shirya amsa tambayar da yara za su yi, gama ɓoyewa ba ta share tarihi.

Shawarata ita ce a ɗauki da'irar 1940, a haɗa da aikin hannun 1960. Bakwai ɗin su kewaye kasuwa guda, kowa riƙe da abin sana'arsa, baƙin zanen Rano ya fito sarai kamar yadda mashin Gobir ya fito.

Ina roƙon malaman kwalejojin horon malamai su gwada wannan da ɗalibansu. A ba su labari mai mutum bakwai, kowa ya zana bango, sa'an nan a tambaye shi dalilin da ya sa wane gaba, wane baya. Wanda ya iya amsawa ya fara sanin nazari.